Ungozomar Kifi

Kafin kwale-kwalen farko ya taɓa yashi, ta riga ta iso bakin teku. Takalmin roba a ƙafa, bokiti mai murfi a hannu, jaka a kafaɗa, a cikinta rula da ƙaramin sikeli da wuƙa da littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Ba ta tsayawa inda ake ciniki. Kai tsaye take wucewa rumfar mata masu gyaran kifi, ta jawo 'yar kujera, ta zauna tsakanin Innarmu da bokitin kayan ciki, wurin da ba mai rububinsa sai ƙuda.

"Kun tashi lafiya? Me teku ta aiko mana yau?"

"Ƙarni ta aiko, irin na jiya," Inna za ta ce. "Ga naki nan na ware miki."

Nata shi ne abin da kowa yake zubarwa. Duk kifin da aka farke cikinsa, sai ta auna tsawonsa, ta ɗora shi a sikeli, ta zaro jakar ƙwan, ta murza tsakanin yatsu, ta ɗaga wajen haske, ta rubuta. Wani ta yanki kaɗan ta jefa a kwalba. Yau kifi talatin, gobe hamsin. Idan hantsi ya yi ta wanke hannu, ta kama hanyar ofishin binciken kifi, ta zauna gaban madubin nan mai ƙara girman abu, tana ƙirga ƙwai ɗaya bayan ɗaya har la'asar.

Masunta ne suka laƙaba mata Ungozoma, don tsokana. Wai ba abin da ya dame ta sai wane kifi ke da ciki, wane ne ya sauke. Ta karɓi sunan ta rataya, har ta fi amsa shi da sauri. Mu a gida Gwaggo muke ce mata. Ba mu haɗa jini ba, katanga muka haɗa, kuma ita da Inna tun suna amare suke aron gishiri a hannun juna. Makon jiya ta yi ritaya bayan shekara talatin da uku. Ni malamar makaranta ce, ba marubuciya ba, amma na ga an yi mata taro na minti arba'in an watse, raina ya ƙi kwanciya. Shi ya sa na ɗauki biro.

Da wanke kwalabe ta fara a ofishin. Ba ta da babbar takarda, hannu gare ta mai tsabta da ido mai kaifi. Ana haka aka ga ta fi masu takardar haƙurin zama, sai aka sakar mata madubi. Ta shekara fiye da ashirin tana ƙirga abin da aka kawo mata, ba ta tambayar daga ina.

To, jan kifi shi ne abincinmu a wannan gaɓa. Da shi mahaifinmu ya yi kwale-kwalensa, da shi aka biya mini makaranta, da shi Yaya, babban wanmu, yake riƙe da mata da 'ya'ya uku tun da kwale-kwalen ya dawo hannunsa. Sai kifin ya fara ja da baya. Tarun da a da sai mutum huɗu sun taru a kansa, ya koma mutum ɗaya yana jansa yana hira. Ofis ya yi bincike ya ce jan kifi sau ɗaya yake zuba ƙwai a shekara, a farkon rani, don haka a rufe kamu na mako shida a lokacin. Masunta suka yi gunaguni suka bi. Shekara ɗaya, biyu, har shida, suna ɗaure kwale-kwale suna kallon ruwa. Kifi bai dawo ba. Ƙara raguwa ma ya yi.

Ga inda gizo yake saƙar. Motar ofis ƙarfe tara take zuwa bakin teku ɗibar kifin gwaji, don sai an sa hannu a rajista, sai direba ya karya. Ƙarfe tara kuwa manyan kifi sun daɗe da hawa motocin ƙanƙara sun yi gaba, sai ƙanana a ƙasan kwando. Da damina kuma hanyar takan zama taɓo, motar ba ta fita sam, wata uku cur. A takardun ofis, waɗannan watanni layi ne kawai aka ja. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya yi mugunta. Mutane ne masu ilimi suka auna teku da lokacin tashin direba.

Gwaggo ta gano abin ne ba a ofis ba. Wata safiya da damina ta biyo rumfa kawo wa Inna lemar da ta ara, sai idonta ya faɗa cikin bokiti. Ƙwai ne cike, jaka-jaka, kowace ta kai damtsen yaro.

"Wannan na wane kifi ne?"

"Na ja mana," in ji Inna. "Duk damina haka muke fama da shi. Har kyauta muke bayarwa."

"Duk damina?"

"Tun ina budurwa. Ke da kike aikin kifi ba ki sani ba?"

Inna ta ce Gwaggo ta tsaya riƙe da lema kamar an dasa ta. Washegari ta dawo da wuƙarta da rularta, kuma daga ranar ba ta sake fashi ba. Ba wanda ya aike ta. Ruwa ya dake ta, ta zame a laka ta gurɗe ƙafa, ta ɗaure da tsumma ta dawo. Damina biyar tana cika littattafai, tana jera su a kwali a ƙarƙashin gadonta.

Gwaggo, ke ce kika sunkuya inda masu takalmi mai ƙyalli suke toshe hanci. Ke ce kika tambayi matan rumfa, waɗanda suka shekara arba'in hannunsu a cikin kifi ba wanda ya taɓa ce musu me kuka gani.

Ta sha kai maganar gaban shugaban ofis, wanda kowa ke kira Oga. Mutumin kirki ne, sai dai in ya riƙe littafi ko da ƙarfe ba ka ɓamɓare shi. Kullum amsarsa a rubuto a takarda, za a duba. Ran nan haƙurinta ya ƙare. Ta ɗauko bokitin rumfa yadda yake, ta shiga ofishinsa ba sallamar kirki, ta dire shi a kan tebur, ta buɗe murfin. Masinjan ofis ya rantse mini sai da aka kwana uku ana buɗe tagogi.

"Malama, mene ne haka? Littafi ya nuna a fili, farkon rani ne."

"Ranka ya daɗe, kifin bai karanta littafin ba. Ga shi nan, ka tambaye shi."

A nan zan yaba wa Oga. Bai kore ta ba. Ya sa tabarau ya leƙa bokitin, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi lambar takalmin roba da za ta yi masa. Da asuba aka gan shi a rumfa, ya naɗe wando, yana riƙe mata littafi tana faɗa yana rubutawa.

Shawo kan Oga wasa ne a kan abin da ya biyo baya. Sai an je an gaya wa masunta cewa shekara shida an rufe musu teku a banza, kuma yanzu ana so a rufe ta na mako shida a tsakiyar damina, lokacin da manyan kifi ke taruwa a duwatsun cikin ruwa, lokacin da mutum yake samun abin da zai riƙe shi rabin shekara.

A rumfar gyaran taru aka yi taron, bayan la'asar. Ina wurin. Oga ya kafa allo yana nuna layuka masu hawa da sauka, mutane suna ta ɗinkin tarunsu kamar da bango yake magana. Sai Yaya ya miƙe. Yayana ba mai yawan magana ba ne, amma ranar idonsa ya yi ja.

"Shekara shida muna jin maganarku. Matata ta sayar da keken ɗinkinta a rufewar bara. Yau kun zo kuna cewa kuskure ne, a sake ba ku damina. In wannan ma kuskure ne fa, sai ku ce mu ba ku me?"

Gwaggo ce ta taso daga baya, da tire a hannu, kifi biyu a kai, babba da ƙarami.

"Gaskiyarka, ɗan nan. Mun yi kuskure, kuma ina ciki. Ni na ƙirga ƙwan da aka kafa dokar da shi, ban tambayi inda manyan suke ba. Ku yafe mana. Amma ku matso ku gani da idonku, kada ku yarda da bakina."

Ta farke ƙaramar, ta zaro jakar ƙwai kamar ɗan yatsa. Ta farke babbar, ta zaro wadda sai da ta tallafe da hannu biyu. Ta tsaga ta, ta shafa a bayan tire, ta ce kowa ya duba da kyau. Ashe ƙwan ba iri ɗaya ba ne. Akwai masu haske garau kamar ɗigon ruwa, ta ce waɗannan yau ko gobe za su fita. Akwai rawaya, su ne na zubi na gaba. Akwai farare ƙanana kamar gari, suna jiran layinsu.

"Kun gani? Ba sau ɗaya take juyewa ta huta ba. Kamar kaza take yi, ta zuba yau, bayan 'yan kwanaki ta sake, ta sake, har makonni. Ƙaramar nan zubi biyu ko uku ta gaji. Babbar nan kuwa tun farkon damina take yi har ƙarshe. Abin da muka gani da rani, 'yan baya ne, ƙananan da suka makara. Iyayen da damina suke haihuwa, a kan duwatsun nan, daidai lokacin da kuke zuba musu taru. Wadda ke kan tiren nan, da an bar ta, da saura zubi goma a cikinta."

Wani dattijo ya sa yatsa ya taɓa ƙwan, ya girgiza kai. Ya ce shekara hamsin yana cin abin nan bai taɓa kallonsa ba.

"Damina nawa kike so?" in ji Yaya.

"Uku. Wanda aka haifa bana ba zai isa shiga tarunka ba sai ya shekara biyu zuwa uku."

"Na ba ki uku, Gwaggo, don darajar Inna. Akwai mai son kwale-kwalen nan, ya daɗe yana bina. Akwai kuma aikin dako da aka yi mini hanya a birni. In damina ta uku ta wuce ban ga canji ba, zan sayar in kwashe iyalina in tafi. Kowa ya shaida."

Na san Yaya, in ya faɗa ya gama. Na dubi Inna, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Kwale-kwalen mijinta ne, ɗanta ne, jikokinta ne da suke kwana a ɗakinta.

Damina ta farko aka rufe, aka buɗe, ba wani labari. Ta biyu ta fi zafi. Rufewar ba masunta kaɗai ta taɓa ba, matan rumfa ma mako shida suka yi ba abin yankawa. Wasu suka daina amsa gaisuwar Gwaggo. Wata in ta hango ta sai ta jawo bokitinta ta kife da faranti. Sunan Ungozoma da ake faɗa da dariya ya koma ana faɗarsa da taɓe baki. Ita kuwa ko a makonnin da ba kifi ba ta fasa zuwa ba. Ta zauna a rumfar da ba kowa sai Inna, su wasa wuƙaƙe tare.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Ran da na ga Yaya ya dawo da kifin da bai rufe gindin kwando ba, ya wuce ɗaki bai kula 'ya'yansa ba, na zagaya gidanta a fusace.

"Gwaggo, in wannan karon ma ba daidai ba ne fa? Gidanmu ne zai watse, ba ofishinku ba."

Tana tsintar shinkafa, ta kusa manna fuskarta da farantin. Ba ta ɗago ba.

"In ba daidai ba ne, zan tsaya a rumfar nan in faɗa, kamar yadda na faɗi na farko. Amma na ƙirga, 'yar nan. Na sake ƙirgawa. Kwana nake ina tsoro kamar ke, sai dai ƙirgar ba ta canza ba."

Na fito ina jin kunya, kuma a ranar na lura da yadda take laluben tsakuwa da yatsa maimakon ido. Yanar ido ce ta fara rufe mata idanu biyun. Shekarun da ta yi tana leƙen madubi ba su bar ta haka ba. A shekararta ta ƙarshe a ofis, wata sabuwar ma'aikaciya ce ke leƙawa tana faɗa mata abin da ta gani, ita kuma tana murza ƙwan a yatsa tana cewa a'a, sake dubawa, wannan ya kusa fita. Kuma in an sake dubawa, yatsan ne da gaskiya.

Damina ta uku ita ce ta bana. Da aka buɗe teku, aka fara ganin matasan jan kifi a taru, masu tsawon tafin hannu da rabi, irin waɗanda aka daɗe ba a gani ba. Mutane suka fara ƙus-ƙus. Na tambayi Yaya, ya ce kamun mako guda ba shi ne shekara ba. Mai sayen kwale-kwale ya zo har sau biyu, ya ƙwanƙwasa katako, ya leƙa inji, suka yi magana a gefe. Matar Yaya ta fara ɗaure kaya a buhu. Inna ta daina cin abincin kirki.

Ana cikin haka ranar ritayar Gwaggo ta zo. Aka jera kujeru a harabar ofis, aka yi jawabi, aka ba ta takardar yabo da agogon bango. Agogon bango, jama'a, ga matar da ba ta ganin bangon. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ni kuwa na cije leɓe don kada in yi abin kunya.

Washegari da sassafe na ji ana buga ƙofarta. Na leƙa ta katanga, Yaya ne.

"Gwaggo, fito mu je."

"Ina kuma? Ni na yi ritaya, ɗan nan. Bari in nemo takalmina."

"Bar shi. Inda za mu, cirewa ake yi."

Na yafa mayafi na bi su. Bai nufi wajen kwale-kwale ba. Ya riƙe hannunta suka bi gaɓa har bakin rafin da ke shiga teku, inda ruwan daɗi yake haɗuwa da na gishiri, wurin da muke wasa muna yara. Ya ce a nan ya zo wanke taru shekaranjiya, ya dawo jiya ya sake dubawa don kada ya zama idonsa ne. Ya shigar da ita a hankali har ruwa ya kai mata ƙwauri.

Ni daga tudu na gan su. Ruwan ya yi duhu da su, 'ya'yan kifi, dubbai, suna juyawa tare kamar hayaƙi. Rabona da ganin haka tun ina 'yar firamare.

"Me zan gani?" in ji Gwaggo. "Ka san idon nan sai a hankali."

"Tsaya kawai. Kada ki motsa."

Ta tsaya. Can sai na ga kafaɗarta ta ɗan zabura. Sun kewaye ƙafafunta suna tsattsakura. Ta sunkuya a hankali, ta nutsa hannu biyu, ta ɗago da ruwa a tafi, guda ɗaya yana wutsil-wutsil a ciki. Ta kwantar da shi a jikin ɗan yatsanta ta auna.

"Gaɓa biyu," ta ce. "Bakinsa fa, ja ne?"

"Ja ne, Gwaggo."

"To wata biyu ke nan da 'yan kwanaki." Ta yi lissafi da leɓe. "'Ya'yan damina ne."

Ta mayar da shi ruwa, ta miƙe, hawaye yana bin fuskarta ba ta share ba. Yaya ya juya baya yana gyaran murya, wai shi namiji. Da ya juyo ya ce ya aika wa mutumin nan ya nemi kwale-kwale a wani wuri, wannan fenti za a yi masa. Sannan ya durƙusa a cikin ruwan, da wandonsa da komai, ya ce ta yafe masa maganar da ya yi mata a gaban mutane.

"Tashi, kana tsorata mini yara," in ji ta.

Ban ce teku ta cika ba. Masu ilimin sun ce da sauran tafiya, kuma sai an ci gaba da riƙe damina shekara da shekaru. Amma yanzu masunta da kansu suke tsaron duwatsun, kuma an sa wa Gwaggo ranar aikin ido a wata mai zuwa. Likita ya ce akwai kyakkyawan zato. Ta ce abu na farko da take son gani shi ne bakin rafin nan.

Gwaggo, ke ce kika ce mun yi kuskure a gaban mutanen da ke jin yunwa, alhali kina iya yin shiru ki karɓi agogonki lafiya. Ke ce kika sha harara shekara biyu ba ki rama ba, ba ki kuma janye ba. Allah ya saka miki, ya buɗe idanunki, ya ba ki tsawon rai ki ci kifin da kika yi wa aikin ungozoma.

Ku kuma da kuke karantawa, kowa da ɗan teburinsa da ɗan aikin da aka ba shi. In an kawo muku abu a faranti an ce ku ƙirga, ku ƙirga, amma wata rana ku tashi ku je ku ga inda aka ɗebo shi. Ku tambayi masu hannu a cikin aikin. In kun gano kun yi kuskure, ku faɗa da bakinku tun da sauran abin da za a ceta.

Na gode, Gwaggo. Matar Yaya ta kwance buhunan. Yau da asuba ina kwance na ji tashin injinsa, na ji muryar Inna tana yi masa a dawo lafiya.